Kwamfuta Ɗaya Ga Ɗalibai Talatin: Inda Ribar Take Da Inda Haɗarin Yake

Kwamfutar da ɗalibi yake koyon buga rubutu a kanta, mafi yawan lokacinta zaman jira take yi. Wanda ya buɗe shafin da Windows take nuna nauyin aikin da ke kan inji zai ga cewa masarrafin, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, kaso kaɗan na ƙarfinsa yake amfani da shi, domin tsakanin harafin da yaro ya danna da wanda zai danna a gaba, injin yana iya kammala lissafi miliyoyi. A kan wannan rarar aka gina fasahar da ke bai wa mutane da yawa damar yin aiki da kwamfuta guda a lokaci guda, kowa da allonsa da madannansa da linzaminsa, kowa kuma yana ganin kamar shi kaɗai ne a kanta. Masu tallar wannan tsari sun fi son farawa da batun arahar saye, ni kuwa a ganina ba nan ribar take ba. Ribar tana wajen wutar lantarki da sauƙin kulawa, haɗarin kuma yana wajen ɗora rayuwar ɗaki guda a kan inji ɗaya da mutum ɗaya da ya san kansa.

Tunanin ba sabo ba ne, domin ya girmi kwamfutar tebur da muka sani. A ƙarshen shekarun 1950 kwamfuta takan cika ɗaki, kuma mai bincike yakan miƙa katunan aikinsa ne ga ma'aikacin injin, ya koma ya jira sakamako na sa'o'i, wani lokaci har sai washegari. John McCarthy na cibiyar MIT da ke Amurka yana cikin waɗanda suka fara kawo shawarar a riƙa yanka lokacin injin gunduwa-gunduwa ana rarraba wa masu aiki, kuma a shekarar 1961 Fernando Corbató da abokan aikinsa suka nuna tsarin CTSS yana yin hakan a zahiri. Dabarar kamar ta mai shayin da ya ƙware ce: yana zuba wa wannan, yana soya wa wancan ƙwai, yana karɓar kuɗin na uku, amma saboda saurin hannunsa babu wanda yake jin an bar shi. A wannan tsarin ne aka fara bai wa kowane mai amfani kalmar sirri, saboda da zarar mutane sun haɗa inji ɗaya, dole a raba musu ma'ajiyar takardu. Kwalejin Dartmouth ta bi sahu a 1964 domin ɗalibanta, kuma Unix, babbar manhaja (wato manhajar da ke tafiyar da injin gaba ɗaya) da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a 1969, tun asali an gina ta ne domin jama'a da yawa. Kamfanin IBM ya ɗauki wata hanyar daban, inda a 1972 ya fitar da VM/370, mai raba babban inji ɗaya ya zama injuna da dama na ruhi, wato waɗanda manhaja ce ta ƙirƙire su a cikinsa, kowanne da babbar manhajarsa.

Zuwan kwamfutar tebur ta IBM a 1981 ya sa aka ɗan juya wa wannan tsari baya, kowa ya so nasa injin a gabansa. Ba a daɗe ba manyan ma'aikatu suka gane cewa kula da ɗaruruwan injuna ɗaya bayan ɗaya aiki ne mai cin rai da dukiya. Kamfanin Citrix, wanda aka kafa a 1989, ya fitar da WinFrame a 1995, manhajar da ke barin mutane da yawa su yi aiki da Windows a kan inji ɗaya, sannan Microsoft ta shigar da irin wannan dama cikin wani bugu na Windows NT 4.0 a 1998. A ɓangaren Linux kuma, wato babbar manhajar da ake samu kyauta, aikin LTSP na jona kujeru da yawa a kan inji ɗaya ya fara a 1999, kuma har yau makarantu suna amfani da shi ba tare da biyan ko sisi na lasisi ba.

A ɗakin da aka yi irin wannan shiri, abin da mutum zai fara lura da shi shi ne babu akwatin kwamfuta a ƙarƙashin tebur. Idan ya leƙa bayan allon zai ga wani ɗan akwati da bai wuce tafin hannu ba an ɗaure shi da sukurori huɗu, wayar allo da ta madannai da ta linzami duk sun shiga cikinsa, sai kuma wayar sadarwa guda da ta fita ta bi bango zuwa uwar kwamfutar da ke gaban aji ko cikin ofishi. Akwatin ba shi da fanka, ba shi da rumbun ajiya, ba ya kuma yin lissafin komai. Aikinsa biyu ne kawai: ya aika wa uwar abin da ɗalibi ya danna, ya karɓo hoton abin da ya sauya a allo ya nuna. Idan malami ya duba jerin masu aiki a kan uwar, zai ga sunayen ɗaliban a jere, kowanne da adadin ƙarfin da yake ci, kuma daga kujerarsa yana iya rufe manhajar da ta maƙale wa yaron da ke can ƙarshen ɗaki.

Wannan shi ne tsarin da ya fi yawa, inda babbar manhaja ɗaya take buɗe wa kowa zaurensa. Akwai wanda ya fi shi sauƙi, inda ake jona alluna da madannai kai tsaye a jikin kwamfutar ba tare da wayar sadarwa ba, amma tsawon waya yakan taƙaita shi ga mutane kaɗan da ke zaune kusa da juna. Akwai kuma wanda ya fi shi tsada, inda wata manhaja irin su VMware ko Hyper-V ko KVM take ƙirƙira wa kowane mutum cikakkiyar kwamfuta ta ruhi da babbar manhajarta a cikin uwar. Bankuna da manyan kamfanoni sun fi son wannan na ƙarshe, saboda matsalar wani ba ta shafar wani, sai dai yana cin ma'adana da kuɗin lasisi fiye da abin da makarantar sakandare za ta iya ɗauka, don haka ba zan tsaya a kansa ba.

Lokacin da wannan fasaha ta yi tashe a makarantu shi ne tsakanin 2007 da 2010. A 2007 gwamnatin Masedoniya, wadda yanzu ake kira Masedoniya ta Arewa, ta ƙulla yarjejeniyar samar da kujerun kwamfuta 180,000 a makarantunta da na'urorin kamfanin NComputing a kan Ubuntu, wani nau'in Linux, inda ɗalibai bakwai suke raba inji ɗaya. A 2008 jihar Andhra Pradesh ta Indiya ta zaɓi irin wannan tsari domin makarantu 5,000, kuma a 2009 kamfanin Userful na Kanada ya sanar da shirin kafa kujeru 356,800 a makarantun Brazil. A daidai wannan zamani ne Nicholas Negroponte yake tallata shirinsa na bai wa kowane yaro ƙaramar kwamfutar cinya ta dala ɗari, wanda aka gwada a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja. Hanyoyi biyu ne da suka fito domin amsa tambaya ɗaya, wato yadda za a kai kwamfuta hannun yaro da kuɗi kaɗan, kuma a wancan lokacin hujjar masu raba inji tana da ƙarfi sosai, domin sabuwar kwamfutar tebur tana da tsada ƙwarai.

Yau lissafin ya sauya. Kasuwannin Computer Village a Ikeja, da Banex a Abuja, da titin Beirut a Kano sun cika da kwamfutocin hannu da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama, kuma kowacce tana zuwa da allonta da madannanta da batirinta. Wanda zai raba inji kuwa har yanzu sai ya sayi allo da madannai da linzami ga kowace kujera, ya sayi ɗan akwatin, ya ja waya, ya sayi na'urar haɗa wayoyin, sannan ya sayi uwa mai ƙarfi wadda ba a samunta da araha. Idan aka tara waɗannan aka raba da yawan kujeru, sau da yawa tazarar da ke tsakaninsu da kwamfutar cinya ta hannu ba ta taka kara ta karya ba. Saboda haka shugaban makarantar da aka shawo kansa da batun arahar saye kawai, akwai yiwuwar ya ji an yaudare shi ranar da ya ga takardar kuɗin ƙarshe.

Inda tsarin yake da hujjar da ba a iya ture ta shi ne wutar lantarki. Ƙananan akwatunan da ke bi ta wayar sadarwa, irin su L300 na NComputing, kimanin wat biyar suke ci. A yi lissafi na kusa-kusa da ɗaki mai kujeru talatin: idan kowace kwamfutar tebur tana cin wat 80, allonta kuma yana cin wat 20, ɗakin yana buƙatar wat 3,000 ke nan kafin a kunna fanka ko fitila. Idan aka koma tsarin rabo, kowace kujera wat 25 za ta ci da allonta, jimilla 750, a ƙara wa uwar wat 250, sai a tashi da wat 1,000. Kashi biyu cikin uku na nauyin ya tafi. Ga wanda yake zaune inda wuta ba ta ɗaukewa, wannan ragin kuɗin wata ne kawai. Ga makarantar da ke dogaro da janareta kuwa, musamman tun bayan janye tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, bambanci ne tsakanin ɗakin da ake buɗewa kullum da wanda ake buɗewa sai ranar da baƙi za su zo. Haka nan wat 1,000 nauyi ne da inbata matsakaiciya da 'yan farantan sola da batura za su iya ɗauka, alhali wat 3,000 yana buƙatar jarin da yawancin makarantu ba za su ma fara tunaninsa ba. Ƙarancin cin wuta yana nufin ƙarancin zafi, kuma duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kwamfuta mai rufin kwano a watan Afrilu ya san cewa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Riba ta biyu ita ce kulawa. A ɗakin da kowace kujera take da injinta, sabunta manhaja aiki ne sau talatin, kuma ƙwayar cutar da ɗalibi ya shigo da ita a filashi takan bi injunan ɗaya bayan ɗaya har sai an gaji an bar su. A tsarin rabo, sau ɗaya ake saka manhaja kowa ya gan ta, sau ɗaya ake tsare inji, kuma mai kula da ɗakin yana iya hana ɗalibai saka abin da ba a amince da shi ba. Ƙurar hunturu, wadda take toshe fankar kwamfuta har injin ya riƙa kashe kansa saboda zafi, ba ta samun abin toshewa a akwatin da ba shi da fanka. Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika rubutawa a takardun talla ba: ɗan akwatin ba shi da amfani ga ɓarawo, domin idan aka raba shi da uwar ba ya yin komai, saɓanin kwamfutar cinya da ake iya sakawa a jaka a fita da ita.

Iyakar tsarin tana bayyana ne da zarar aiki ya wuce rubutu da lissafi. Shafin rubutu kusan a tsaye yake, harafi ɗaya ne yake ƙaruwa lokaci-lokaci, don haka abin da uwar take aikawa ta waya kaɗan ne. Bidiyo kuwa hotonsa yana sauyawa sau 25 zuwa 30 a kowace daƙiƙa. Allo mai faɗin ɗigo 1,366 da tsawon 768 yana ɗauke da ɗigo fiye da miliyan ɗaya, kuma idan ba a matse hoton ba, cika shi sau talatin a daƙiƙa yana buƙatar kimanin megabait 90, alhali tsohuwar wayar sadarwa mai gudun megabit 100 ba ta iya ɗaukar fiye da megabait 12 da rabi, domin megabit takwas ne suke yin megabait ɗaya. Dole uwar ta matse hoton kafin ta aika, matsewar kuma aiki ne da ke cin masarrafi. Na taɓa tsayawa a bayan wani aji lokacin da malamin ya ce kowa ya buɗe bidiyon darasi. Na farko da na biyu suka buɗe lafiya, amma kafin a kai layi na uku hoton ya fara tsalle, murya ta riga leɓe, linzami ya koma ja da ƙyar har a gaban yaran da ba su buɗe komai ba, fankar uwar kuma ta ɗauki ƙara har ana jinta daga ƙofa. Gaba ɗaya lissafin rabon an gina shi ne a kan zaton cewa ba kowa ne zai nemi ƙarfi a lokaci guda ba, aji kuwa wuri ne da malami yake cewa kowa ya yi abu ɗaya yanzu. Ko ba bidiyo, manhajar shiga intanet ta zamani tana cin ma'adanar wucin gadi fiye da yadda take ci a 2008, har shafuka kaɗan suna iya cinye gigabait guda, kuma wannan sai an ninka shi sau talatin.

Babban haɗarin ya fi wannan sauƙin fahimta: idan uwar ta mutu, ɗakin ya mutu. A ɗakin injuna talatin, ko biyar sun lalace ana ci gaba da darasi da ashirin da biyar. Na san wata makaranta da aka kafa wa irin wannan ɗaki a matsayin gudummawa, aka yi bikin buɗewa, ɗalibai suka yi amfani da shi na ɗan lokaci, sai wata rana aka kawo wuta da ƙarfi ta ƙone na'urar da ke bai wa uwar wuta. Kayan da ya ƙone ba shi da tsada, amma wanda ya kafa ɗakin ya riga ya tafi da kalmar sirrin mai gudanarwa, masu gyara na gari kuma ba su saba da tsarin ba, don haka ɗakin ya shafe zango guda a kulle, alluna talatin lafiyayyu suna shan ƙura a ƙarƙashin leda. Wannan haɗari ya fi muni a wurin jarrabawa. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole ga kowa a 2015, kuma cibiyoyi da yawa da ake buƙatar su tanadi kujeru 250 sun ga sauƙi a tsarin ƙananan akwatuna. Daga baya hukumar ta sanar cewa sababbin cibiyoyi dole su yi amfani da kwamfutocin cinya, ba za ta ƙara amincewa da irin waɗannan akwatuna ba. Ina ganin matakin yana da ma'ana, domin kwamfutar cinya tana da batirinta idan wuta ta ɗauke, kuma lalacewarta ɗalibi ɗaya take shafa, a canza masa kujera a ci gaba.

Batun lasisi shi ne wanda 'yan kwangila suka fi yin shiru a kansa. Windows ta gida da ta ofis an ba da lasisinta ne domin mutum ɗaya a lokaci guda. Wanda yake son mutane da yawa su shiga inji ɗaya bisa ƙa'ida sai ya sayi Windows Server, sannan ya sayi lasisin shiga na kowace kujera ko kowane mutum, da wani lasisin na daban na aiki daga nesa. Microsoft tana ba da wa'adin kwana 120 kafin a saka wannan na ƙarshe, kuma idan wa'adin ya cika ba a saka ba, uwar takan daina karɓar masu shiga, a lokacin da mai kwangila ya riga ya karɓi kuɗinsa. Kamfanin ya taɓa yin bugu na musamman domin makarantu mai suna Windows MultiPoint Server, wanda ya fito a 2010, aka sabunta shi a 2011 da 2012, aka haɗe shi cikin Windows Server 2016, daga nan kuma aka daina bunƙasa shi. Makarantar da ba ta da kuɗin lasisi, Linux ce mafitarta ta halal, kuma ga koyon rubutu da lissafi da shiga intanet ba ta da wata tawaya, muddin an horar da malamin da zai riƙe ta.

Manyan kamfanonin dai sun mayar da hankalinsu can sama. Amazon WorkSpaces da Azure Virtual Desktop da Windows 365 duk suna ajiye uwar a cibiyoyinsu ne, mutum ya shiga ta intanet ya biya hayar wata. Ga ofishin da ke Landan wannan ci gaba ne. Ga makarantar da ke Gusau ko Maraɗi kuwa, yana nufin kowane harafi sai ya yi tafiya zuwa Turai ko Afirka ta Kudu ya dawo kafin ya bayyana a allo, hayar kuma da dala ake lissafa ta. Yankewar wayoyin ƙarƙashin teku a gabar Kwaddibuwa a watan Maris na 2024, wadda ta raunana intanet a Afirka ta Yamma na kwanaki, ta nuna abin da zai sami ajin da kwamfutarsa take wata nahiya. Uwar da ke cikin ɗaki ba ta buƙatar intanet domin ta yi aiki.

Akwai wata dama da ta buɗe a 14 ga Oktoban 2025, ranar da Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10. Miliyoyin injuna lafiyayyu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, kuma da yawansu za su gangaro kasuwanninmu da araha. Irin wannan inji, ko da ya tsufa, ya fi ƙarfin aikin nuna allo, kuma da LTSP ana iya sa shi ya tashi ta wayar sadarwa daga uwar ba tare da rumbun ajiya ba. Ba zai kai ɗan akwatin ƙarancin cin wuta ba, amma idan kwamfutar cinya ce yana zuwa da batirinsa, kuma ranar da uwar ta tsaya ana iya kunna shi da babbar manhajarsa a ci gaba da darasi. Idan shugaban makaranta ya nemi shawarata, zan ce ya raba ɗakin gida biyu da uwa biyu, kowacce tana ɗauke da rabin kujerun kuma tana iya ɗaukar sauran na ɗan lokaci, ya saka musu na'urar daidaita wuta da batirin ko-ta-kwana, ya nemi a gwada bidiyo a dukkan kujerun a gabansa kafin ya sa hannu a takardar biya, ya kuma tabbatar an damƙa masa kalmar sirrin mai gudanarwa da takardun lasisi a rubuce, tare da horar da malamai biyu daga cikin ma'aikatansa.